Ilmin Tarihi Mai Zurfi Da Rabon Ƙasar Funtua Da Malumfashi A Cikinsa

Kowa ya san Funtua ya san Sarkin Maska ake ce wa hakiminta. Yara suna jin wannan suna tun suna goye, manya suna ambatonsa kullum wajen gaisuwa, amma kaɗan ne ke tsayawa su nemi dalili. In ka tambayi wani dattijo, zai ce maka ai Maska ita ce uwa, can sarauta take tun kafin jihadi, a zamanin Turawa ne aka taso da hakimi aka dawo da shi nan bakin hanya. Wannan amsa daidai ce, ta kuwa ishi mai hira. Amma akwai waɗansu mutane da ba ta isarsu. Su sai sun ji wace shekara aka taso, wa ya ba da umurni, me aka rubuta a takarda ran nan, su wa suka ci riba, su wa suka yi hasara, me kuma ya sa Turawa suka kashe maƙudan kuɗi suka ja reluwe ta wannan wuri. Waɗannan su ne masu neman ilmin tarihi mai zurfi, watau waɗanda suka gama digirin farko a jami'a, suka koma neman na biyu da na uku.

Yau muna so mu bayyana wa masu karatu, tun ba malaman makaranta da ma'aikatan ofisoshin hakimai ba, yadda wannan karatu yake, da abin da ya riga ya tono game da kudancin Katsina, da kuma hannun da su kansu suke da shi a ciki.

YADDA KARATUN YAKE

A makarantar ƙasa, yaro haddace tarihi yake yi: wane ya yi sarauta shekara kaza, wane ya gaje shi. A digirin farko, wanda kan ci shekara 4, ɗalibi yana karanta abin da malamai suka rubuta, ya ga inda suka saɓa wa juna. To, daga digiri na biyu aikin kan sāke kama. Nan ba a tambayar mutum abin da ya haddace, sai dai a ce masa, “Ina ka samo? Wa ya gaya maka? Shi kuma yaya aka yi ya sani?”

Shekarar farko takan tafi wajen darussa. Akan koya wa ɗalibi tarihin rubuta tarihi kansa, da hanyoyin bincike, sa'an nan a zaga da shi ƙasashe da zamunna: Afirka ta Yamma, da ƙasashen Larabawa, da Turai, da Amurka, da Asiya, tun daga zamanin da babu rubutu har zuwa na mulkin kai. Akan kuma kasa ilmin gida gida, kamar tarihin noma da ciniki, da na sarauta, da na addini da malanta, da na yaƙi, da na mata da zaman iyali. Bayan wannan sai ya zaɓi matsala guda, ya kai ta gaban malamai da 'yan'uwansa ɗalibai, su yi ta sukarta. In ta tsira, ya ɗauki jakarsa ya fita neman shaida. Digiri na uku, wanda ke sa a kira mutum Dokta, ba ya kasa shekara 3, sau da yawa ma yakan zarce haka da nisa. Sharaɗinsa shi ne mutum ya kawo wani abu wanda ba a sani ba da. Ƙarshe akan gayyato shaihin malami daga wata jami'a dabam ya karanta kundin, ya zaunar da mai shi, ya yi masa tambayoyi baki da baki, kamar yadda alƙali ke tuhumar shaida.

Harsuna kuma wajibi ne. Mai binciken tarihin Katsina ba ya wadatuwa da Hausa da Ingilishi. Yana bukatar Larabci don littattafan malamai da wasiƙun sarakuna, da Faransanci don takardun Maraɗi da Tasawa waɗanda ke ajiye a Yamai da Dakar.

INDA AKA FARO

Auna labari kafin a karɓe shi daɗaɗɗen abu ne wurin malaman Musulunci, don masu ilmin hadisi sun daɗe suna bin isnadi mutum bayan mutum. Ibn Haldun kuma, a gabatarwar littafinsa na tarihi wadda ya rubuta cikin 1377, ya ja kunnen marubuta da su riƙa gwada kowane labari da hankali da kuma halin zaman mutane. Birnin Katsina ma ba baƙo ba ne ga ilmi mai zurfi. Shaihu Magili ya sauka cikinsa a ƙarshen ƙarni na 15, Ɗan Marina da Ɗan Masani sun yi zamaninsu a ƙarni na 17, Muhammadu Alkashinawi kuwa, gwanin lissafi, ya kai har Alƙahira, can ya rasu cikin 1741.

Amma tsarin da jami'o'i ke bi yanzu daga Jamus ya fito, inda wani malami mai suna Ranke ya riƙa tara ɗalibansa a Barlin cikin ƙarni na 19, suna baje tsofaffin takardu suna tantance su ɗaya ɗaya. Da tsarin ya bazu cikin Turai, sai aka bar Afirka a baya, bisa zaton wai ba ta da takardu. Har cikin 1963 wani babban shaihin tarihi na Jami'ar Oksfod, Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da wani tarihi sai na Turawan da suka shigo ta. Ashe amsa ta riga ta fara fitowa. Kenneth Dike, wanda ya sami digirinsa na uku a Landan, ya buga littafinsa kan ciniki da siyasa a bakin kogin Kwara cikin 1956, shi ne kuma ya tsaya har aka kafa gidan ajiye takardun gwamnatin Nijeriya.

A Arewa, wanda ya ɗora harsashin ginin shi ne H. F. C. Smith, Baturen Ingila, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. Ya taso daga Ibadan ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1962, ya sa aka shiga tattara littattafan Larabci daga gidajen malamai, kāna cikin 1970 ya kafa gidan bincike a tsohon gidan Sardauna a Kaduna, wanda ake kira Gidan Arewa. Ɗalibinsa Murray Last ya zauna Sakkwato yana karatu a ɗakin littattafan Waziri Junaidu, ya sami digiri na uku a Ibadan cikin 1964, littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito cikin 1967. Smith kansa ya ƙi yarda a ce labarin Bayajida ya isa bayanin kafuwar ƙasashen Hausa. Ya ce a duba yadda gida ke zama ƙauye, ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa, da abin da ke jawo mutane wuri guda, kamar ƙasar noma, da tama, da hanyar fatake, da duwatsun da ake girmamawa. Ya rasu cikin 1984.

ƊAN MUSAWA DA KATSINA LAKA

Cikin waɗanda suka yi karatu hannun Smith, wanda ya fi shafarmu shi ne Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, arewa kaɗan da Malumfashi, cikin 1945. Ya yi digirin farko a Lankasta ta Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa, sa'an nan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello. Kundinsa na digiri na uku, wanda ya gama cikin 1974, a kan sāke kamar ƙasar Katsina yake, watau yadda tsarin sarauta na gidan Korau ya kafu, ya faɗi, tsarin masarauta ta jihadi ya maye gurbinsa. An buga shi littafi cikin 1981.

Kafin wannan aiki, abin da littattafan Turawa ke koyarwa gajere ne: wai Filani sun yi yaƙi da Haɓe sun ci su, shi ke nan. Dokta Bala ya bi garuruwan Katsina yana zama da tsofaffi, ya karanta wasiƙu da littattafan malamai, ya ce wannan rabo bai yi daidai da shaida ba. Ya nuna akwai Hausawa da Filani da waɗansu kabilu a kowane ɓangare, abin da ya raba mutane kuwa shi ne matsayinsu cikin tsarin sarauta, da nauyin da ke kan talaka da makiyayi da ɗan kasuwa, da kiran gyara da malamai ke yi. Ko shugabannin jihadin Katsina su uku ne, Ummarun Dallaje da Muhammadu na Alhaji da Ummarun Dumyawa, kowanne da jama'arsa da yankinsa. Birni ya faɗi hannunsu cikin 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna kuwa suka ƙaura arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, suna nan suna kiran kansu sarakunan Katsina.

Wani amfanin aikin shi ne ya fid da kudu daga inuwar birni. Wannan yanki namu, wanda ake kira Katsina Laka saboda ƙasarsa mai nauyi da yawan ruwan sama, yana da tsofaffin garuruwa masu nasu sarakuna, kamar Maska da Gozaki da Birnin Kogo. Yamma da su ga 'Yandoto, garin malamai, wanda Muhammadu Bello ya ci da yaƙi a farkon jihadi, yana cikin Jihar Zamfara yanzu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganin Galadiman Katsina zaune a Malumfashi ba, ko Makama a Bakori, ko Sarkin Pauwa a Ƙanƙara. Kowace sarauta cikin waɗannan tana ɗauke da labarin yadda birni ya riƙe kudu. Dokta Bala ya rasu cikin 2005, amma ɗalibansa da ɗaliban ɗalibansa suna nan suna koyarwa.

SHAIDU UKU

Mai wannan bincike shaidu uku yake kira, ba ya kuwa sakin jiki da ko ɗaya daga cikinsu.

Na farko shi ne rubutun malamai, na Larabci da na ajami. Darajarsa ita ce 'yan ƙasa suka rubuta shi, sau da yawa a lokacin da abin ke faruwa. Rauninsa kuwa, yawancin abin da ya rage na waɗanda suka yi nasara ne, wanda aka kora ba safai ake jin bakinsa ba.

Na biyu shi ne bakin tsofaffi: jerin sarakuna, da kirari, da labarin ƙaura, da sunayen shekaru. Talaka ba ya riƙe lissafin shekarun Turawa, amma yana riƙe da sunan yunwa. In tsoho ya ce an haifi ubansa shekarar Kakalaba, mai bincike ya san wajen 1914 ke nan. In ya ce 'Yar Gusau, to, 1942. Sai dai baki yana da son kai, kowane gida yakan ɗaukaka kakansa, saboda haka akan ji daga gidan sarauta, a ji daga gidan maƙera da na marina, a ji daga mata, sa'an nan a gwama.

Na uku shi ne takardun baƙi, watau littattafan matafiya da fayilolin mulkin Turawa. Dokta Bala ya ba da misali mai kyau a kan Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim. Barth ya sauka Katsina a farkon 1851, ya sami saɓani da Sarki Muhammadu Bello a kan kyauta, aka tsare shi kwanaki kafin a sallame shi. Marubuta da yawa sun kwashe maganarsa kan Katsina kamar yankan wuƙa. Shi kuwa Dokta Bala sai ya tsaya ya bincika kwana nawa mutumin ya yi, da wa ya yi hira, cikin wane hali kuma yake sa'ad da yake rubutu. Wannan shi ne ainihin sana'ar.

Fayilolin Turawa suna gidan ajiye takardu na Kaduna, nemansu ma sai da sani. Masarautar Katsina tana cikin Lardin Kano har 1926, aka mai da ita Lardin Zariya, sai cikin 1934 ta sami lardin kanta. Saboda haka mai neman labarin Maska ko Malumfashi dole ya buɗe tarin larduna uku, ban da na ofishin Gwamna. A ciki zai tarad da rahotannin kimanta haraji, inda D.O. ya ƙirga gidaje da gonaki da shanu da masaƙa. Amma ya tuna wanda ke ƙirgar haraji yake nema, wanda ake ƙirgawa kuwa ya san haka sarai.

AUDUGA TA HAƊA MU DA DUNIYA

Mai karatu zai ce, to, mene ne amfanin sa ɗalibi karatun Amurka da Turai, alhali Funtua zai bincika? Auduga ta isa amsa.

Cikin 1861 yaƙin basasa ya tashi a Amurka, ya ci har 1865. Audugar da masaƙun Lankasha ta Ingila suka dogara da ita ta yanke, ma'aikata dubbai suka zauna babu aiki. Masu masaƙu ba su manta da wannan wuya ba. Cikin 1902 suka kafa ƙungiyar noman auduga a Manchesta, wadda aka sani da B.C.G.A., don su sami wata ƙasa da za su dogara da ita. Idonsu ya faɗa kan ƙasar Hausa, inda ake noman kaɗa da saƙa da rini tun kaka da kakanni. Da reluwe ya isa Kano cikin 1911, suka zaci auduga za ta kwararo. Ina! Manoman Kano suka duba kuɗin da ake ba su, suka ga masaƙan gida sun fi Turawa saye da daraja, gyaɗa kuma ta fi riba, sai suka rungumi gyaɗa.

Wannan ya sa aka juyo kudu, ƙasar laka. Aka kawo irin Amurka mai suna Allen cikin 1912, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, aka kuma ja reluwe daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929. A shekarar nan kuwa kasuwar duniya ta faɗi, farashi ya karye, haraji bai karye ba. Ga fatake da leburori da ma'aikatan kamfanoni sun taru daga ko'ina, Funtua ta bunƙasa ta shafe uwarta Maska. Wanda bai san Amurka da Lankasha ba, yaya zai bayyana wannan?

Labarin bai tsaya nan ba. Cikin 1975 Bankin Duniya ya zaɓi Funtua da Gusau da Gombe don gwajin babban shirin raya noma. Na Funtua ya haɗa gundumomin Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara da sabon irin masara, har masara ta zama abin sayarwa a inda dawa da auduga ke sarauta. A lokacin nan wani masani, Paul Clough, ya zauna ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi yana bin lissafin manoma da 'yan kasuwar hatsi. Littafinsa, wanda ya fito cikin 2014, ya nuna mai arziki a ƙauyen Hausa yana zuba dukiyarsa cikin aure da iyali da barori da bashin amana, ba ya bin hanyar da littattafan Turai suka ce dole mai jari ya bi. Murray Last ma, bayan aikinsa na Sakkwato, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi tun daga 1969 yana binciken cuta da magani. Ashe ƙauyukan da muke rainawa, a jami'o'in duniya ana karanta su.

ABIN DA KE HANNUNKU

Yau ɗan Funtua ba sai ya ƙetare teku ba. Zariya ba ta kai mil 50 daga nan ba, ga Jami'ar Bayero a Kano, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina wadda aka kafa cikin 2006, ga ta Tarayya a Dutsin-ma tun 2011. Ƙofa a buɗe take. Abin tsoro shi ne kada ɗalibi ya zo ya tarar shaidun sun ƙare.

Dalili kuwa, ba dukan takardu suka tafi Kaduna ba. Littattafan haraji da na jangali na zamanin En'e, da na shari'a na kotunan alƙalai, da rijistar makarantun elementare, da takardun kasuwannin auduga, da wasiƙun da ke tsakanin hakimi da dagatai, da yawansu a gundumomi aka bar su. Takarda kuwa tana da maƙiya: gara, da ɗigon ruwa, da ɓera, da mai share ofis wanda ya ga tarkace ya sa wuta. Littafin haraji guda na ƙauye guda yana iya nuna wa mai bincike yawan magidanta, da sana'arsu, da shekarar da baƙi suka sauka, da shekarar da yunwa ta kore su. In ya ƙone, babu jami'ar da za ta iya mayar da shi.

Tsofaffi ma tafiya suke yi. Wanda aka haifa shekarar da reluwe ya kai Ƙauran Namoda ya haura 90 da nisa. Ga kuma rashin zaman lafiya da ya addabi ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara a 'yan shekarun nan, ya tashi ƙauyuka, ya warwatsa dattawansu cikin garuruwa. In ƙauye ya watse, sunayen gonakinsa da rijiyoyinsa da kufansa sukan bi shi.

Saboda haka ga roƙonmu. Akawun da ke da tsofaffin littattafai a ofishinsa, ya ɗauke su daga ƙasa, ya kakkaɓe su, ya rubuta jerinsu da shekarunsu, ya sanar da hakimi da hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Malamin makaranta kuwa ya sami littafi guda, ya riƙa zama da dattawan garin da yake aiki. Ya rubuta sunan mai ba da labari, da shekarunsa, da sana'arsa, da ranar da aka yi hirar, da wanda shi ya ji daga bakinsa. Kada ya gyara maganar don ta yi daɗi, kada kuma ya zubar da wadda ta saɓa wa ta gidan sarauta. In akwai wayar ɗaukar murya, ya ɗauka da izinin mai magana. Magadan malamai masu tsofaffin littattafai a cikin gafaka su yarda a ɗauki hotonsu, asalin ya zauna hannunsu.

Malamai suna da wani dalili kuma. An cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare wajen 2009, sai cikin 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mayar da shi. Yaran da suka tashi a tsakani ba su sami rabonsu ba, masu koyar da darasin kuma sun yi ƙaranci. Malamin da ya koma jami'a ya yi digiri na biyu a kan garinsu zai dawo aji da abin da babu shi cikin kowane littafi, ya kuma koya wa yara tambayar nan mai tsare mutum daga ruɗin jita-jita, watau “Wa ya faɗa, yaya kuma ya sani?” Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, sun kuma ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tarihin Maska, da na Gozaki, da na kasuwannin auduga, da na matan da suka yi kaɗi suka ciyad da masaƙa, duk suna jiran masu rubuta su, kayan aikin kuwa yau suna hannunku.

Allah ya jiƙan malaman da suka share mana hanya, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.